NEMAN GIDAN HAYA GA MA'AURATA A TUNGAN MAJE: HAƘƘINMU DA ABIN DA KE KANMU

Jawabin da Sakataren Ƙungiya ya gabatar a taron wata-wata na magidanta



 

Kwamiti ya ɗora mana nauyin yin bayani a kan maganar gidan haya, musamman ga ango da amarya, da kuma magidancin da yake son ɗauko iyalinsa daga gida ya kawo su nan. Dalili kuwa shi ne, duk wanda ya buɗe littafin koke-koke na ofishinmu zai ga babu abin da ya kai maganar haya yawa a ciki. Wani dillali ya gudu da kuɗinsa, wani an cire masa ƙofa da tsakar damina, wani kuma an ɗaura aure an kai lefe, amma wata da watanni amarya tana gidan iyayenta a Katsina ko Zariya ko Sakkwato saboda ba a sami inda za a yi jere ba. Mu ba lauyoyi ba ne. Da yawanmu a ajin yaƙi da jahilci muka koyi karatun boko da girmanmu. Amma abin da muka tattara daga zaman sulhu da zaman kotu da bakin masana shari'a, shi za mu shimfiɗa muku, domin idan kunne ya ji, jiki ya tsira.

YADDA MUKA SAMI KANMU A GIDAN HAYA

A ranar 3 ga Fabrairu 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kafa Babban Birnin Tarayya, kuma a ranar 12 ga Disamba 1991 aka dawo da fadar gwamnati daga Legas zuwa Abuja. Tun daga dokar farko har zuwa sashe na 297 na tsarin mulkin 1999, an damƙa dukkan ƙasar wannan yanki a hannun Gwamnatin Tarayya, kuma Ministan Abuja ne ke da ikon ba da fili. Wannan shi ne tushen maganar. A garuruwanmu na asali saurayi yakan yanki gefen gidan mahaifinsa ya yi ɗaki da zaure ya sa amarya. A nan kuwa ba haka abin yake ba.

Tsakanin 2003 da 2007, lokacin da Malam Nasiru El-Rufa'i yake minista, an yi rusau mai yawa a unguwanni irin su Idu-Karmo da Chika da Aleita. Dubban iyalai suka watsu zuwa Zuba da Gwagwalada da Dei-Dei da Madalla da Suleja da Mararaba, wasu kuma suka sauka a nan Tungan Maje. Akwai waɗanda ke zaune a wannan taro da a wancan lokacin suka zo da katifa da tukwane a bayan a-kori-kura. Ga kasuwar kayan marmari da tashar mota a Zuba, ga kasuwar kayan gini a Dei-Dei, ga jami'a da asibitin koyarwa ta wajen Gwagwalada, ga bariki a Giri. Kowa na son ya kwana kusa da wurin neman abincinsa. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, siminti da rodi da kuɗin mota suka tashi, masu gidaje suka bi sahu, waɗanda haya ta kora daga cikin birni suka ƙara matso mu. Masu nema sun fi ɗakunan yawa, kuma a irin wannan kasuwa ce macuci yake samun abin da yake so.

SHIN MUNA DA 'YANCIN ZAMA A NAN?

Ƙwarai kuwa. Sashe na 41 na tsarin mulki ya ba kowane ɗan Nijeriya 'yancin zirga-zirga da zama a duk inda ya so a faɗin ƙasar nan. Sashe na 42 ya hana a nuna wa mutum bambanci saboda ƙabilarsa ko addininsa ko jinsinsa ko garin da ya fito. Sashe na 43 ya ba shi damar mallakar gida ko fili a ko'ina. Sashe na 37 kuma ya kare sirrin mutum da na gidansa, kuma ɗakin da ka biya kuɗin hayarsa gidanka ne har ranar da wa'adinka ya ƙare.

Sai dai mu faɗa muku gaskiya yadda take. Sashe na 42 ya fi ƙarfi a kan hukuma da jami'anta. Mai gidan da ya gina abinsa da guminsa, idan ya ce ba zai ba ka ba, da wuya ka sami kotun da za ta tilasta masa. Mun sha jin inda ake gama ciniki a waya, da an ji sunan mutum ko an ga matarsa da hijabi sai a ce ai an riga an kama ɗakin. Wani mai gidan ya ce ba ya son Bahaushe wai saboda yawan baƙi, wani ya ce ba ya son mai 'ya'ya fiye da biyu. Abin da ciwo, amma kada ka tsaya cacar baki a ƙofar gidan mutum. Gidan da aka karɓe ka a cikinsa da ƙyama ba za ka ji daɗin zamansa ba. Ka kawo mana labari, mu rubuta, mu san gidajen da za mu daina tura mutanenmu. Kuma mu ma da Allah ya hore wa gidaje a cikinmu, kada mu yi wa Bagwari ko Bayarabe ko Ibo abin da muke kuka an yi mana.

Wani ɓangare na tsoron masu gidaje yana da dalili. Ba mu manta da daren watan Satumba na 2020 ba, da 'yan bindiga suka shigo garin nan suka tafi da mutane. Tun daga nan kowa yake son sanin wanda zai sa a gidansa. Saboda haka idan aka nemi katin ɗan ƙasa, ko mai tsaya maka, ko shaidar aure, kada ka ɗauka wulaƙanci ne. Ka tanadi takardar ɗaurin aure daga masallacin da aka ɗaura, ko takardar rantsuwa daga kotu, tun kafin ka fara yawon nema.

A YI LISSAFI KAFIN A FITA

Abin da ke karya ƙannenmu angwaye shi ne, sukan riƙe kuɗin haya kaɗai a ka, su manta da 'yan rakiyarsa. Bari mu yi misali, kuma misali ne kawai, ba farashin kasuwa ba. A ce ciki da falo ne a kan naira 500,000 a shekara. Dillali ya ce nasa kashi 10 cikin 100, wato 50,000. Kuɗin rubuta yarjejeniya, wanda suke kira kuɗin lauya, a ce shi ma 50,000. Kuɗin ajiya saboda ɓarna, a ce 50,000. Ka ga an kai 650,000 ba a sayi gwangwanin fenti ko kwan fitila ɗaya ba. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024 naira 70,000 ne a wata. Ke nan wannan ɗaki ya haura albashin wata 9 na ƙaramin ma'aikaci, bai ci ba, bai sha ba.

Sannan a haɗa da kuɗin mota. Wanda yake kashe naira 2,000 kullum zuwa wurin aiki da dawowa, kwana 26 a wata, ya kashe 52,000, a shekara kuma 624,000. Sau da yawa ɗakin da ke can ƙarshen gari mai araha, idan aka haɗa da kuɗin acaɓa zuwa bakin titi da kuɗin 'yan ga-ruwa, ya fi na kusa tsada. Araha ba ta ado.

Abu na uku, wanda shi ya fi muhimmanci, shi ne shekara ta biyu. Kuɗin shekarar farko yakan fito daga gudummawar 'yan uwa da abokai da adashi. Na shekara ta biyu daga aljihunka kaɗai zai fito, kuma a lokacin wataƙila ga ragon suna yana jira. Ka raba kuɗin hayarka gida 12, ka tambayi kanka ko za ka iya ware kashi ɗaya duk wata. In ba za ka iya ba, ka sauko ka kama ɗaki ɗaya mai banɗaki a ciki. Daidai ruwa daidai tsaki. Iyayenmu mata, a nan muna roƙonku. Kada a matsa wa yaro sai ya kama fulat mai ɗaki biyu saboda gado da kujeru da kabet su sami wurin zama. Mun ga inda aka yi haka, shekara na zagayowa aka sayar da kujerun aka biya haya.

Wasu suna tambaya ko doka ta hana karɓar kuɗin shekara biyu a dunƙule. A Legas akwai dokar haya ta 2011 da ta taƙaita hakan, amma iyakarta Legas. A 2022 Sanata Smart Adeyemi ya kawo ƙudurin da zai sa a riƙa biyan haya wata-wata a Abuja, sai dai bai zama doka ba. Saboda haka a nan ciniki ne tsakaninka da mai gida. Ka roƙi shekara ɗaya, ko biya biyu, kuma duk abin da kuka tsayar a rubuta.

MAGANAR DILLALAI

Akwai dillalan kirki, wasunsu ma 'yan wannan ƙungiya ne. Amma sana'a ce da kowa ke shiga da wayar hannu kawai. Dabarun macutan cikinsu ba su da yawa, kuma kullum su ake maimaitawa. Na farko, a nuna maka hoton ɗaki a WhatsApp ko Facebook, a ce mutum uku na layi, ka turo kafin alƙalami yanzu-yanzu. Na biyu, a karɓi kuɗin dubawa a yi ta yawo da kai gidajen da an san ba za ka so ba. Na uku, wanda ya fi muni, a karɓi kuɗin ɗaki ɗaya daga hannun mutum biyu ko uku. An taɓa kawo mana ƙarar da angwaye biyu suka haɗu a ƙofar ɗaki guda, kowa da rasit a hannu, kowa da ranar tarewa a gabansa, wanda ya karɓi kuɗin kuma wayarsa a kashe.

Maganin wannan abu huɗu ne. Kada ka biya ko sisi sai ka shiga ɗakin da ƙafarka, gani ya kori ji. Kada ka biya sai ka ga mai gida ido da ido, ko wakilinsa mai takardar wakilci, kuma ka tambayi maƙwabta da mai unguwa su tabbatar maka shi ne. Kuɗin haya ya shiga asusun banki mai sunan mai gida, ba na dillali ba, ladan dillali kuma ka ba shi daban bayan makulli ya zo hannunka. Sannan ka je da shaidu biyu. Duk wanda ya ce maka babu lokacin yin waɗannan, to ka bar masa ɗakinsa. Sauri ya haifi nawa.

Karɓar kuɗin mutum da yaudara laifi ne babba. Dokar zamba ta 2006 ta tanadi ɗaurin shekara 7 zuwa 20. Amma kama ɓarawo daban, dawowar kuɗi daban, don haka rigakafi ya fi magani.

KA JE DA MAI ƊAKIN

Malam, kai da asuba za ka fita sai bayan isha'i. Wadda za ta wuni a gidan ita ce ta san abin da za ta duba. In matarka tana gari, ku je tare. In amarya ce ba ta tare ba, ka nemi yayarta ko gwaggonta ko ɗaya daga cikin iyayenmu mata na ƙungiya su raka ka. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ku duba ruwa: rijiya ce ko burtsatse, tana ƙafewa da bazara ko ba ta ƙafewa, wa ke sayen man injin jan ruwa. Ku duba banɗaki: mutum nawa ke shiga, ina ƙofarsa take kallo, idan masai ya cika wa zai biya kuɗin kwashewa. Ku duba inda za ta yi girki da inda za ta yi shanya, da ko za ta iya fitowa tsakar gida ba tare da ta ratsa ta gaban majalisar samari ba. Ku tambayi su wane ne sauran 'yan hayar, masu iyali ne ko gwauraye. Ku duba nisan masallaci da Islamiyya da makarantar boko da asibiti, domin naƙuda ba ta sallama, kuma akwai lungunan da mota ba ta shiga da damina.

Ku ɗaga kai ku dubi silin, tabon ruwa ba ya ɓuya. Ku dubi gindin bango, in ya yi danshi ko fenti yana ɓarewa daga ƙasa, to ruwa na kwanciya a wurin. Wanda ya ga gida da rani kaɗai bai ga gida ba, sai ya tambayi maƙwabta yadda unguwar take a watan Agusta. Ku koma da dare ku ji hayaniyar wurin, ku ga ko akwai 'yan sintiri.

Maganar wuta kuma, ku tambaya ko mita mai kati ce ko takardar ƙiyasi ake kawowa daga kamfanin AEDC, mutum nawa ke kan mita ɗaya, kuma ko akwai tsohon bashi. Ku ɗauki hoton mitar ranar da kuka shiga, a kuma rubuta cewa bashin da ya gabace ku ba naku ba ne.

Daɗin daɗawa, ku dubi inda aka dasa gidan. Gidan da ke ƙarƙashin babbar wayar wuta, ko a bakin rafi, ko a kan hanyar da aka shata, ko wanda aka taɓa shafa wa jan fenti aka goge, ko wanda ke cikin filin da ake jayayya a kansa, kamar yadda aka daɗe ana yi tsakanin sojoji da 'yan asalin wannan yanki, duk ku yi hattara da shi. Ranar da motar rusau ta zo, ba ta tambayar wa ya biya hayar shekara.

TAKARDA ITA CE GATANKA

Mu Hausawa muna da kunya da yarda. Sai ka ji mutum ya ce, ai Alhaji mutumin kirki ne, in na ce ya rubuta kamar na ƙi yarda da shi. To Alhaji na iya rasuwa, magada su zo. Yana iya sayar da gidan, sabon mai gida ya zo. A ranar nan kirkin Alhaji ba zai yi maka shaida ba. Malamanmu na nan, sun sha gaya mana cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Rubutu ba rashin yarda ba ne.

Yarjejeniya ta ƙunshi cikakken sunan mai gida da na ɗan haya, da kwatancen ɗakin, da adadin kuɗi, da ranar shiga da ranar ƙarewa. A faɗi wanda gyaran rufi da masai da famfo ke kansa. A faɗi tsawon notis. A faɗi yadda za a sanar da ƙarin kuɗi, da wata nawa kafin lokaci. A faɗi sharaɗin dawo da kuɗin ajiya. In akwai dokar gida, kamar lokacin rufe ƙofa, ko kiwo, ko sana'ar cikin gida irin su ɗinki da suyar awara da ƙosai, ko saukar baƙi, a bayyana tun yanzu. In za ka yi gyara da kuɗinka don a cire a haya, kada ka sayi bulo ɗaya sai an rubuta an sa hannu.

Kada ka dangwala yatsa a kan abin da ba a karanta maka ba. Ka ce a ba ka kwana ɗaya, ka kawo ofishin ƙungiya a karanta maka a fassara. Ka karɓi kwafinka, ka karɓi rasit mai ɗauke da kwanan wata da adadin kuɗi da wa'adin da kuɗin ya biya. Ka ɗauki hotonsu a waya, ka ba uwargida ta adana na takarda, domin sun fi mu iya ajiya. Ga ma'aikata masu biyan haraji akwai ƙarin amfani: sabuwar dokar haraji ta 2025, wadda aka tsayar da 1 ga Janairu 2026 a matsayin ranar fara aikinta, ta yarda a cire kashi 20 cikin 100 na kuɗin hayar shekara, har zuwa naira 500,000, daga kuɗin da ake lissafa wa haraji. Wanda ba shi da rasit da me zai nema?

IDAN MAI GIDA YA CE KA TASHI

A nan ne aka fi cutar mutanenmu, don haka ku saurara da kyau. A Abuja akwai dokar karɓar gida daga hannun ɗan haya, kuma ta shimfiɗa matakai. In ba ku rubuta wani abu daban a yarjejeniya ba, mai biyan mako-mako notis ɗinsa mako 1 ne, mai biyan wata-wata wata 1, mai biyan wata uku-uku wata 3, mai biyan shekara-shekara kuma wata 6. Bayan wannan ya cika, sai a sake ba shi takarda ta biyu ta kwana 7, wadda ke sanar da shi cewa mai gida zai tafi kotu. Daga nan sai sammaci, sai alƙali ya saurari kowa. In hukunci ya ba mai gida gaskiya, ma'aikatan kotu ne za su zo su fitar da mutum, ba mai gida da 'yan daba ba.

Amma a lura da abu biyu. In takardarka ta ce haya ta shekara ɗaya ce tak, daga rana kaza zuwa rana kaza, to ranar da ta cika wa'adinka ya ƙare da kansa, takardar kwana 7 kaɗai ta rage maka. Haka kuma in ka sa hannu a kan notis na wata ɗaya, wata ɗayan ne naka, ko da shekara kake biya. Shi ya sa muka ce a karanta kafin a dangwala.

Doka ba ta yarda mai gida ya cire rufi ko ƙofa ba, ko ya sa kwaɗo, ko ya yanke ruwa da wuta, ko ya watsar da kaya waje, ko da kuwa ana bin ka bashi. In haka ta faru, kada ka ɗaga hannu, kada ka tara jama'a. Ka ɗauki hoto, ka kira shaidu, ka sanar da mai unguwa da ofishinmu. Kotu na iya sa shi ya biya ka diyya. Har ila yau, bashin haya ba laifin da ake tsare mutum a kansa ba ne. Sashe na 8 na dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 da sashe na 32 na dokar 'yan sanda ta 2020 sun hana kama mutum saboda saɓa yarjejeniya kawai, kuma dokokin nan biyu sun hana a kama mata a madadin mijinta.

Sai dai kada wani ya ɗauki wannan bayani ya mai da shi sandar dukan masu gidaje. A 2021, a wata shari'a da ta taso daga Legas, Kotun Ƙoli ta nuna cewa ɗan haya ba zai fake da kuskuren notis ya yi ta zama a gidan mutane shekara da shekaru ba. Kuma duk kwanan da ka ƙara bayan wa'adinka, kotu za ta lissafa ta sa ka biya.

TSAKANIN MIJI DA MATA

Malamai sun karantar da mu cewa samar da wurin zama yana cikin haƙƙin mace a kan mijinta, kamar ci da sha da sutura. Amma mun san halin da ake ciki, mata da yawa suna sa kuɗin adashinsu ko na sana'arsu a cikin haya. In haka ne, a fayyace tun farko, kyauta ce ko rance, kuma babu laifi a sa sunan su biyun a yarjejeniya. Amfanin wannan yakan fito ranar da ba a fata. Mun ga inda magidanci ya rasu, matarsa tana cikin takaba aka zo ana cewa ta fita, alhali akwai sauran wata bakwai a kuɗin da ya biya. Rasit ɗin da ta ciro daga ƙasan akwati shi ya rufa mata asiri ita da marayunta. Mutuwar ɗan haya ba ta cinye kuɗin da ya riga ya biya.

Sannan ƙannenmu maza ku sani, dokar hana cin zarafin jama'a ta 2015 tana aiki a Abuja, kuma sashe na 9 ya ce duk wanda ya kori abokin aurensa daga gida da ƙarfi, ko ya hana shi shiga, yana iya fuskantar ɗaurin da bai wuce shekara 2 ba, ko tarar da ba ta wuce naira 300,000 ba, ko duka biyun. A gida in an sami saɓani mace takan taka zuwa gidan iyayenta. A nan iyayenta suna nisan tafiyar yini guda. Wanda ya fitar da 'yar mutane titi da dare a garin da ba ta da kowa, ya saɓa wa addini, ya saɓa wa doka, kuma wannan ƙungiya ba za ta tsaya masa ba.

ABIN DA KE KANMU

Haƙƙi da nauyi tare suke tafiya. Mu biya haya a kan lokaci, in an sami matsala mu je da kanmu mu yi bayani tun kafin ranar ta zo, kada mu riƙa ɓuya. Kada mu kama ɗaki da sunan mutum biyu, wata ɗaya a tarar da mutum takwas. Baƙo na da haƙƙi, amma a sanar da mai gida, kuma kada mu saukar da wanda ba mu san asalinsa ba. Mu share kwata, mu biya kuɗin sintiri da na shara, mu ja wa yara kunne. Mu girmama masu masaukinmu 'yan asalin wuri da sarakunansu, tun daga mai unguwa da hakimi har zuwa Agora na Zuba. Duk Bahaushen da ya bar ɗaki a lalace ko ya gudu da bashi, ya rufe wa Hausawa goma ƙofa a bayansa.

INDA ZA A KAI KUKA

A fara da sulhu a gaban dattawan ƙungiya da mai unguwa, domin zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. In abin ya faskara, akwai kotuna a Zuba da Gwagwalada. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nemi Hukumar Ba Da Tallafin Shari'a ta Ƙasa. Akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam, akwai Hukumar Karɓar Koke-Koken Jama'a, ga kuma ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA ga iyayenmu da ƙannenmu mata. Babbar Kotun Abuja ma tana da zauren sasantawa, inda ake kashe magana ba tare da doguwar shari'a ba.

A namu ɓangaren, kwamiti ya amince da abu uku. Za mu buɗe rajistar ɗakunan da babu kowa, don haka duk wanda zai tashi, ko ya ji labarin ɗaki, ya sanar da ofis. Za mu riƙa ba ɗan ƙungiya da muka san halinsa takardar shaida zuwa ga mai gida. Kuma duk ranar Asabar bayan la'asar za a sami mai karanta yarjejeniya kyauta a ofis. Muna kuma ba da shawarar a kafa adashin haya, kowa ya riƙa zuba kashi ɗaya cikin 12 duk wata, za a tattauna tsarinsa a taro mai zuwa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Muna roƙon waɗanda suka iya karatu su karanta wa waɗanda ba su iya ba idan wannan jawabi ya fito a mujallar ƙungiya, a kuma kai shi cikin gida mata su ji. Ajin yaƙi da jahilci na nan yana ci gaba, kuma ba a tsufa da neman ilimi.

Allah ya ba angwayenmu da amarenmu zaman lafiya da zuriya ta gari, ya haɗa mu da masu gidaje masu tausayi, ya mallaka wa kowa nasa, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Yanzu fili ya buɗe ga mai tambaya ko ƙarin bayani.



Sakataren Ƙungiya,
Tungan Maje, Ƙaramar Hukumar Gwagwalada, Abuja.